Basarke a Bakin Tekun Jidda

Zahir, kafin gari ya waye

Muna sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu ta Zahir na ji hon ɗin motar surukina a bakin layi. Alhaji Haruna ke nan. In ya ce asuba, to asubar yake nufi, sai dai daga nan sauran yinin nasa ne, yadda ya ga dama yake juya shi. Na riƙo hannun Baba muka sauko matakalar masallaci a hankali, ina yi kamar hirar da nake masa ce ta sa na manne masa haka. Da muka zo daf da mota sai ya zame hannunsa daga nawa, ya gyara zaman hularsa, ya ƙarasa shi kaɗai yana sallama da ƙarfi.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ni ɗalibi ne a nan Makka, kuma a nan na yi aure cikin Hausawan da kakanninsu suka zo ta Sudan suka zauna. Baba kuwa Basarke ne na Yawuri, wato masunci gaba da baya, tun yana yaro yake cikin kwalekwale a Kwara har furfura ta rufe masa kai. Umra ta kawo shi, da kuma ganin jikarsa da aka haifa mana. Ta Madina jirginsu ya sauka, na komawa kuma daga Jidda zai tashi bayan kwana biyu, cikin dare, ranar nan kaɗai ta rage mana ta fita yawo. Bayan ibada abu ɗaya ya roƙe ni, in kai shi ya ga teku. Ya ce duk wani ruwa na ƙasarmu ya shige shi, amma Bahar Maliya da Fir'auna ya nutse a ciki a bakin malamai kawai yake jin sa, kuma gani ya kori ji.

Inda gizo ke saƙar shi ne idon Baba. Likita a gida ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, abin da ya rage kuma bin sa yake yi. Da rana yana gani, amma kamar mai leƙe ta cikin bututu. Rana na faɗuwa kuwa shi ke nan, sai duhu. Tun ranar da ya iso ya ja mini kunne.

"Kada gidan surukanka su ji wanga zance. Ban zo Makka a ji tausaina ba."

Saboda haka aikina a ranar ɗaya ne, in kai shi bakin ruwa rana na sama ba tare da na faɗi dalili ba. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Mutumin da ya bar gida da asuba zuwa garin da tafiyarsa ba ta wuce awa guda ba, me zai hana shi ganin teku da rana?

Hanyar Jidda

Motar Alhaji tsohuwa ce, amma ƙamshi take kamar ɗakin amarya, don turare da tasbaha yake sayarwa kuma rabin kayan shagon a bayanta suke kwana. Baba ya zauna gaba, ni ina baya tsakanin kwalaye. Muka bi ta ƙarƙashin ƙatuwar ƙofar nan da aka gina kamar Alƙur'ani a buɗe bisa abin ɗora shi. A shingen Shumaisi ba su tsayar da mu ba, masu shiga Makka suka fi sa wa ido, ɗan sandan hannu kawai ya ɗaga mana. Alhaji na tuƙi yana nuna wa Baba duwatsu da garken raƙuma, jimla ɗaya rabi Hausa rabi Larabci, Baba na cewa lallai ya gani. Ni dai na san ko hannun da ke nunin bai gani ba, don gari bai gama wayewa ba.

A nan ne Alhaji ya zayyana mana tsarin yini. Za mu karya, mu je makabartar Nana Hauwa'u, mu zaga tsohon gari da ake kira Balad, mu ci abincin rana a gidan ƙanwarsa, mu shiga kasuwa a yi wa mutanen Yawuri tsaraba. Kurnish kuwa, wato titin bakin teku, sai bayan isha'i, lokacin da iska ta yi daɗi aka kunna fitilu. Na sassauta murya na ce, "Ammi, da mun fara da tekun tun da sanyin safiya." Haka nake kiransa, kamar yadda ake kiran suruki a nan.

Ya yi dariya har yana dukan sitiyari.

"Wa ke zuwa bahar da rana, ya waladi? Kifi ma ɓuya yake yi."

Na jira Baba ya kama mini, sai ji na yi ya ce yadda Alhaji ya tsara ya yi daidai, baƙo ba ya tsara wa mai gida. Na koma cikin kwalayena. Kowa ya san irin nauyin da ke tsakanin mutum da uban matarsa, ga kuma uban da ya haife ni ya sa hannu a kan abin da zai cuce shi.

Muna shiga Jidda muka tsaya wani ɗan shago muka karya da ful da tamis. Ful wake ne da aka dafa ya narke aka zuba masa man zaitun, tamis kuma gurasa ce faffaɗa da ake cirowa daga tanderu a gabanka. Mu uku ba mu ci na riyal ashirin ba har da shayi. Baba ya suɗe kwanon tas, sannan ya ce abin da daɗi, sai dai wake ne da aka raba shi da shinkafarsa.

Makabarta da Balad

Wanda duk ya zo makabartar Nana Hauwa'u da niyyar ganin wani dogon kabari, to ya rage buri. Katanga ce fara da ƙofa, ciki kuma kaburbura irin na ko'ina a ƙasar nan, babu gini babu suna. Na fara yi wa Baba bayanin cewa malamai sun ce babu wata hujja da ta tabbatar a nan aka binne ta, ya ɗaga mini hannu ya ce in adana karatuna, ko tana nan ko ba ta nan ai 'ya'yanta ne a ciki. Ya yi musu addu'a muka juyo.

Ba nisa da nan akwai wani ruwa kwance tsakanin gine-gine. Baba ya hango ƙyallinsa ta gilashin mota, ya miƙe zaune, ya dube shi da kyau, sai fuskarsa ta canja. Ya tambayi Alhaji ko wanga shi ne tekun da ake ta faɗi, don in shi ne, to fadamar bayan garinsu ta fi shi. Alhaji ya ƙyalƙyale ya ce wannan ɗan tafki ne kawai da teku ya shigo da shi cikin gari. Na ga dama ta samu, na ce tunda ga mu kusa ai sai mu leƙa babban. Ya ce sannu ba ta hana zuwa. A zuciyata na ƙarasa masa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Gaskiya Balad wurin zuwa ne, kuma duk haushin da nake ji bai hana ni buɗe baki ba. Gidaje ne dogaye, hawa huɗu hawa biyar, tsofaffi, wasu har sun ɗan karkata. Tagoginsu na katako ne da aka sassaƙa kamar zanen hula, sun turo kai waje, wasu kore wasu ruwan ƙasa, ta yadda matan gida za su sha iska su ga titi ba a gan su ba. Lungunan matsattsu ne, inuwa ko'ina, kyanwoyi kwance a kowace ƙofa kamar su suka biya haya. Inuwar nan da ke wa kowa daɗi ita ce ta dami Baba, don da mun shiga lungu sai in ga tafiyarsa ta ragu. Sai na riƙa wucewa gabansa, farar jallabiyata ta zama abin da yake bi.

A jikin wani gida ya tsaya ya shafa bango, ya ce wannan dutsen ba na tudu ba ne, ga ƙananan bawon katantanwa a ciki. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai, ya ce daga cikin teku mutanen da suka riƙa yanko shi suna gini. Baba ya daɗe hannunsa na kan bangon.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, babu mai sayar da turare a Balad da bai san surukina ba. Kowane shago sai an shimfiɗa mana gaisuwa, a kawo gahawa da dabino, a gabatar da Baba a matsayin babban baƙo daga Najeriya, a shafa masa turare a bayan hannu. Kafin mu fita daga layin Baba ya sha turare kala bakwai, ni kuma gahawa ta sa hannuna rawa. A wani tsohon masallaci mai rufin katako muka yi azahar. Shawarata ga mai zuwa Balad, ya sa takalmi mai daɗin tafiya, kuma kada ya zo da wanda ya san mutane.

Gidan Gwaggo Zainabu

Ƙanwar Alhaji, gwaggon matata, a kudancin gari take, cikin wata unguwa da za ka ji Hausa na tashi ta taga. A Jidda aka haife ta, ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarta irin ta kakanni ce, da kalmomin da ni rabona da jin su tun kakata na raye. Tun jiya take shiri. Ta yi sayadiyya, shinkafa ce da ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi duhu, a ɗora mata kifi. Don kada baƙo ya yi kewar gida kuma ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Sai dai mutanen nan ba su san abincin rana kafin ƙarfe uku ba, mu kuwa muna zaune ana ta shigo da 'ya'ya da jikoki suna gaida Baba ɗaya bayan ɗaya.

Da aka kawo kifin, wani ja mai ɗigo-ɗigo da suke kira najil, Baba ya manta da kowa. Ya juya shi, ya buɗe bakinsa, ya bi ƙayar da yatsa, ya ce wannan a gindin dutse yake zama kuma kifi yake ci. Gwaggo daga bayan labule ta ce wallahi haka masunta ke faɗa. Ya ci ya yaba, ya ce tsokar ta yi, amma a gaya wa mutanen Jidda giwan ruwa na gaishe su.

Bayan abinci sai ƙailula, don a gidan nan barin baƙo ya fita bai kishingiɗa ba abin kunya ne. Alhaji ya miƙe a kan kujera, nan da nan ya fara minshari. Ni kuwa idona na kan hasken da ke jikin labule, ina kallon yadda yake sauka. Haushin su biyun duka nake ji, ɗaya bai sani ba, ɗaya ya hana a sanar. Baba ya lura da ni, ya matso ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Bar damun kanka. In babu rabo a bari. Na taɓa dutsensa, na ci kifinsa, ya isa."

Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ambaton abu, ga shi tsakaninsu bai fi tafiyar rabin awa ba, yana lallashina in haƙura don kada a ce masa makaho. Kuma na san ko Allah ya sake kawo shi ƙasar nan, da wuya ya zo da idon.

Bayan la'asar

Aka yi la'asar, aka sha shayi da na'ana'a, aka yi sallama irin ta Gwaggo wadda ake yi sau uku, a ɗaki da tsakar gida da bakin ƙofa. Biyar ta kusa lokacin da muka shiga mota. Alhaji ya ce yalla, sai kasuwa, akwai wani mai dadduma da zai yi wa Baba farashin 'yan gida.

A nan na tuna ina da abin da Baba ba shi da shi. Larabcinsa bai wuce na salla ba. Na matso bayan kujerar Alhaji, na daidaita murya kamar mai tambayar hanya, na gaya masa komai da Larabci. Na ce Baba ba ya gani bayan faɗuwar rana, idon tafiya yake yi, ya hana ni faɗa, kuma in ba yau ba babu wata rana.

Surukina ya ɗago kai. Ya dube ni ta madubi, wani irin kallo da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai. Da Larabci ya ce mini haramun ne abin da na yi, tun safe ina zaune da wannan a ciki ina kallonsa yana shan gahawa. Sannan ya juya ga Baba da fara'arsa kamar ba abin da ya faru, ya dafe goshi, ya ce af, shi fa tsufa ya fara kama shi, mai daddumar nan ba ya buɗewa sai bayan isha'i, gara mu je bahar mu kashe lokaci. Baba ya waiwayo ya dube ni. Ni kuwa na sa ido a kan kwalin turare.

Ban san motar nan na da gudu ba sai ranar. Alhaji ya ce ba za mu tsaya kusa ba, don ta nan gine-gine da tashar jiragen ruwa sun tare ruwan, arewa za mu yi inda yake a buɗe. Ga cunkoson masu tashi daga aiki, ga danja kowane ɗan taƙi. Dattijon da ya yini yana ce mini sannu ba ta hana zuwa shi ne yanzu yake kutsawa tsakanin motoci yana danna hon yana salati. Muka wuce shataletale masu kayan kallo iri-iri, har da wani ƙaton keke da ya fi gida tsawo, ba wanda ya ce a duba. Rana kuwa ta yi ja, tana ɓuya bayan bene tana fitowa, kowace fitowa ta ƙara yin ƙasa.

Kurnish

Babu wurin ajiye mota, don haka Alhaji ya sauke mu a bakin titi ya ce mu yi gaba zai same mu. Muka ratsa ciyawa da masu shimfiɗa darduma da yara masu keke. Iska mai ɗumi da ƙarnin gishiri ta buso mu. Muka isa jikin ƙarfen da aka kange bakin ruwa da shi, saura kamar kamu ɗaya rana ta taɓa ruwan.

Ni kaina da na sha zuwa wurin sai da na ja numfashi. Ruwa ne shimfiɗe har inda sama ta sauko, kore a kusa, baƙi-baƙi a nesa, hasken rana ya yi hanya a kansa, igiyar ruwa na dukan duwatsu a ƙarƙashinmu. Baba ya kama ƙarfen da hannu biyu. Ya fara daga hagu, yana juya kai a hankali kamar yadda yake yi in yana son ya haɗa abu babba a ɗan abin da idon ke ba shi, har ya kai dama, ya sake dawowa. Ina jira in ga murna, sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Mu tafi," ya ce. "Mun makara."

Na ce Baba ga rana nan ba ta faɗi ba.

"Ruwan na gani. Ƙetare ne ban gani ba. Ko itace guda ban gani ba, ko hayaƙin gari. Idon ya tafi, ɗana."

Sai a lokacin na gane. Duk ruwan da Baba ya sani a duniya yana da ƙetare. Ko inda Kwara ta fi faɗi, mai lafiyar ido zai hango gaɓar can, ko da baƙin layi ne na itatuwa. Na ce masa ni ma ban gani ba, babu mai gani, haka teku yake. Ya girgiza kai ya ce kada in yi masa wayon yara, ya san lallashi in ya ji shi.

Ana haka Alhaji ya iso yana haki, hula a hannu. Baba ya juya gare shi, sannan da bakinsa ya faɗi abin da ya yini yana ɓoyewa.

"Alhaji, ni idona ya lalace, ba na gani sosai. Kai da ke da lafiyar ido, don Allah gaya mini gaskiya. Kana hango ƙetare?"

Alhaji bai yi kamar ya yi mamaki ba, bai kuma ce sannu ba. Ya tsaya kusa da shi ya kama ƙarfen shi ma.

"Wallahi Malam, tun ina yaro nake zuwa nan, ban taɓa ganinsa ba. Ƙetaren Sudan ce. Kakana kwanaki ya yi a jirgin ruwa kafin ya ga wannan gaɓar da muke tsaye."

Baba ya mai da fuskarsa ga ruwan. Ya sake bin sa daga hagu zuwa dama, a hankali fiye da ɗazu.

"Ashe duk abin da ake gani na gani," ya ce.

Na juya baya na yi kamar ina duba waya, don hawaye sun zo mini kuma ba na son surukina ya gani. Muka tsaya mu uku har rana ta nutse.

Komawa

A masallacin nan da aka gina a kan ginshiƙai cikin ruwa muka yi magariba, kana sujada kana jin ruwa na motsi a ƙarƙashinka. Da muka fito duhu ya shiga. Na miƙa hannu zan yi dabarar da na saba, sai na tarar Alhaji ya riga ni, ya saƙala hannun Baba a nasa suna tafe suna gardamar najil da giwan ruwa. Baba bai zame ba.

Daddumar ma an saya, mai shagon kuwa da alama tun la'asar yake buɗe, amma ba wanda ya tayar da zancen. Alhaji ya bi da mu ta inda ake hango famfon nan mai harba ruwa sama fiye da kowane bene, fitilu na haska shi. Ya ba Baba labarinsa tiryan-tiryan, Baba ya ce a bar wa yara wannan, shi ya ƙoshi. A shingen Shumaisi wannan karon sun duba takardunmu, ba su ɓata mana lokaci ba. Muna shiga Zahir, Alhaji ya fita buɗe bayan mota, Baba ya ce mini ashe Larabcin nan nawa ba na karatu kaɗai ba ne. Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Gwaggo Zainabu da tuwonta, na kuma gode wa surukina, wanda har gobe bai daina yi mini gorin gahawar da na bar shi ya sha ba. Baba ya sauka Yawuri lafiya. Ƙanena ya ce idon ya ƙara ja baya, yanzu ko da rana sai an raka shi bakin Kwara inda masunta ke gyaran taru. Ya ce duk wanda ya tambaye shi yadda teku yake, sai ya ce ya gan shi duka, har inda masu ido suke tsayawa.